Idan Taya Ta Yi Faci Kina Tare Da Yara

Wannan makon ba maganar magani za mu yi ba, maganar taya ce, tunda yanzu mata da yawa su ke kai yara makaranta, wasu har su kama hanyar Kano zuwa Zariya da kansu.

Mu da ke aiki a sashen taimakon gaggawa mun san yawancin raunin da ake kawo mana bayan faci, a 'yan mintunan da suka biyo baya ake samunsa. Idan kika ji mota na jan ki gefe guda, kada ki danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ki ɗaga ƙafa daga totur, ki bar ta ta rage gudu da kanta, sannan ki gangara gefe. Idan dare ne ko wurin ba mutane, ki lallaɓa a hankali har inda akwai jama'a. Tayar za ta lalace, amma ita ana sayen wata.

Da kin tsaya, yara ne farko. Ki fitar da su ta ƙofar da ba ta kallon titi, su koma can nesa da kwalta. Kada kowa ya tsaya a bayan motar, domin nan ne mai tahowa da gudu zai fara duka. Ki kunna fitilun gargaɗi, ki ajiye alwatikan nan ja da ɗan nisa. Ganyen da muke zubawa a titi, da dare ba mai ganinsa.

Sai jak, wanda shi ya fi ba ni tsoro. A ja birkin hannu, a tare wata tayar da dutse, a sassauta notina tun motar na ƙasa, kafin a ɗaga. Jak a kan yashi zamewa yake yi, kuma duk wanda ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin mota a lokacin, mu za a kawo wa shi. Ko mai taimako ne ya tsaya miki, ki sa masa ido.

Idan kuwa ƙusa kika gani a jikin taya, iska ba ta gama fita ba, ki bar ta har wurin mai faci. Haka muke cewa idan ƙarfe ya soki mutum: ba a zare shi a gida.

Safaya ma tana sacewa a but ba wanda ya sani, don haka mai faci ya riƙa gwada ta. Ki kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019 aka yi ta. Masu sayen tayar gwanjo, ku fara karanta wannan kafin ciniki. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122 ce, ki sa ta a waya yau.