Ra'ayi: Dakar na da tsada, amma son burgewa ne ke cinye guzurin baƙo

Duk lokacin babban hutu ko na Maulidi, hotunan Dakar kan cika shafukan matasan Nijar a Facebook da TikTok: ga teku, ga dogayen gine-gine, ga farantin kifi. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne saƙon muryar da ke biyo baya bayan kwana biyar, inda mai hoton ke roƙon yayansa a Maraɗi ko Damagaram ya turo masa kuɗin mota. Shi ya sa wasu ke cewa marar ƙarfi ba shi da abin yi a Dakar, gara ya zauna gida. Wannan magana ba daidai ba ce. Mai ƙaramin guzuri na iya zuwa ya dawo da mutuncinsa, in dai ya yi lissafi tun daga gida, kuma ya yarda ya rayu kamar yadda talakan birnin ke rayuwa.

Tsadar dai gaskiya ce, kuma tana da dalili. Dakar na zaune ne a kan wani tsukin ƙasa da teku ya kewaye ta ɓangare uku, don haka birnin ba shi da wurin faɗaɗa sai ta gabas. Jihar Dakar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin Senegal ba, amma sama da kashi 20 cikin 100 na al'ummar ƙasar a nan suke. Ga ofisoshin jakadanci, ga ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ga hedkwatar bankin BCEAO, kuma ma'aikatansu na biyan haya ba tare da ciniki ba. Su kansu ƴan ƙasar kuka suke yi: gwamnati ta kafa dokar rage kuɗin haya a 2014, ta sake ɗaukar irin wannan mataki a 2023.

Tarkon farko ga ɗan Nijar shi ne kuɗin da ke aljihunsa. Tunda sefa ɗaya ake kashewa a Yamai da Dakar, babu canji, babu lissafin da zai farkar da shi. Jika goma tana nan jika goma a ido, amma abin da take saye ya ragu. A Yamai mutum ya saba shiga taksi tare da wasu ya biya kuɗin kujerarsa kawai. A Dakar taksi mai launin rawaya da baƙi ɗaukar shata yake yi, kuma sai an yi ciniki kafin a shiga. Baƙon da bai san haka ba zai iya ƙone kuɗin abincin kwana biyu a zirga-zirgar yini guda.

Alhali birnin na da hanyoyin sufuri masu sauƙi. Motocin BRT masu aiki da lantarki, waɗanda suka fara ɗaukar fasinja a 2024, suna tafiyar kimanin kilomita 18 daga tashar Petersen zuwa Guédiawaye a kan sefa 400 zuwa 500. Jirgin ƙasa na TER, wanda aka buɗe a Disamban 2021, ya haɗa tsakiyar birni da Diamniadio, kuma ya fara ne da tikiti daga sefa 500 zuwa 1500 a kujerun gama-gari. Ga motocin Dakar Dem Dikk da ƙananan bas-bas da ake kira Tata. Wanda ya zo ta sama ya sani cewa filin jirgin Blaise Diagne na da nisan kimanin kilomita 50 daga birni, don haka bas ya kamata ya tambaya kafin taksi. Wanda ya zo ta ƙasa kuma, galibi a tashar Baux Maraîchers da ke Pikine zai sauka.

Haka batun masauki da abinci yake. Almadies da Plateau unguwannin masu hali ne, farashinsu ma na masu hali ne. A Médina, Grand Yoff, Parcelles Assainies ko Pikine ana samun ɗaki mai sauƙi, musamman in mutum biyu ko uku suka haɗa kuɗi. Da safe akwai masu shayi da burodi da ake kira tangana, da kofin kafe Tuba a bakin titi. Da rana akwai matan da ke dafa cebujen, shinkafa da kifin nan da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2021. Wanda ya ci a inda leburori da ɗalibai ke ci ya ci abincin Dakar na ainihi, kuma bai biya kuɗin kallon teku a cikin farantinsa ba.

Mafi yawan abin da ya cancanci gani ma ba ya buƙatar dukiya. Tafiya a ƙafa a gaɓar Corniche da yamma kyauta ce, haka kallon masunta na dawowa da kwale-kwale a Soumbédioune, haka salla a masallacin Massalikoul Jinaan da aka buɗe a 2019. In za a kashe kuɗi a wuri guda, to a kashe a tsibirin Gore, inda gidan bayi yake, tafiyar kimanin minti 20 a jirgin ruwa. Ɗan Afirka na biyan ƙasa da abin da Bature ke biya, don haka a riƙe takardar shaida a hannu. Sai gargaɗi guda: teku ba gulbin Maraɗi ba ne. Akwai gaɓoɓin da aka hana wanka saboda ƙarfin igiyar ruwa, kuma duk shekara ana rasa matasa a can.

Wasu za su ce duk wannan lissafi bai taso ba, tunda akwai ƴan uwa a can. Gaskiya ne akwai ɗaliban Nijar a jami'ar Cheikh Anta Diop, akwai ƴan kasuwa da ma'aikata, kuma ƴan Senegal na alfahari da teranga, wato karamcinsu ga baƙo. Amma ɗalibin da ke raba ɗaki da mutum uku, yana jiran kuɗin da iyayensa za su turo ƙarshen wata, bai kamata a mayar da shi otel ba. Kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba, sai dai ya ci bashi bayan baƙo ya tafi. Zumunci na gaskiya shi ne a sanar da shi tun da wuri, a faɗa masa ranar zuwa da ranar tafiya, a kawo tsarabar kilishi ko garin kunu, a kuma sa hannu a kuɗin cefane. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

Akwai kuma abin da ya wuce aljihun mutum ɗaya. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasarta da ke bara a titunan Dakar, lamarin da ya ɓata wa ƴan Nijar mazauna can rai matuƙa. Matashin da ya je yawon buɗe ido ba mabaraci ba ne, amma ranar da ya tsaya ƙofar masallaci yana neman kuɗin komawa, mai wucewa ba zai bambanta su ba. Waɗanda ke zaune a can shekara da shekaru su ne ke ɗaukar wannan kallo bayan ya tafi.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce kuɗin dawowa. A ware su tun kafin a tashi, a bar su hannun wani amintacce ko a sayi tikitin zuwa da dawowa. Hanyar mota ta Burkina Faso da Mali doguwa ce, kuma matsalar tsaro na iya tsayar da matafiyi kwanakin da bai shirya musu ba, don haka sai an ƙara wani abu na ko-ta-kwana. Abin da ya rage sai a raba shi bisa yawan kwanaki. Wanda ya rage masa jika 70 bayan ya ware kuɗin hanya da masauki, kuma yana son yin mako guda, jika 10 ke gare shi a yini. In lissafin bai kai ba, sai a rage kwanaki. Masu zuwa ziyara Kaulaha da ke son leƙa Dakar su ma wannan lissafin ya shafe su.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma matashin da ya taso a ƙasar da ba ta da teku yana da haƙƙin ya je ya ga yadda tashar jiragen ruwa ke aiki, ya ga yadda wasu suka tsara sufurin birninsu, ya dawo da tambayoyin da zai yi wa magajin garinsu. Kwana huɗu da mutum ya biya da guminsa sun isa wannan. Mako biyu na hotuna a Almadies da aka ƙare da kiran gida neman agaji kuwa, iyaye da yayye ne ke biyansu.