Ba Magana Ce Ta Kashe Buster Keaton Ba

An daɗe ana maimaita wata tatsuniya: wai da fim ya fara magana a 1927, sai 'yan barkwancin finafinan bebe suka faɗi warwas, Buster Keaton a sahun gaba. Bayani ne na malalata, kuma yana wanke masu laifi.

Muryar Keaton lafiyarta ƙalau. Tun yana yaro yake wasa a dandamali tare da iyayensa, ya san yadda ake jefa magana. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ikon kansa, lokacin da mai zuba masa jari, Joseph Schenck, ya miƙa shi ga kamfanin MGM a 1928. Abokan sana'arsa Charlie Chaplin da Harold Lloyd sun ja masa kunne, bai ji ba.

A dubi yadda yake aiki kafin nan. Shi da yaransa sukan tsara farkon labari da ƙarshensa, tsakiyar kuwa sai an je filin ɗauka. Yakan ja kyamara baya don mai kallo ya ga komai a ɗauka guda, ya tabbata ba rufa-ido aka yi masa ba. A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. bangon gida sukutum ya faɗo masa, ya tsira ta 'yar tagar sama, fuskarsa ko gezau. A The General na 1926 jirgin ƙasa na gaske ya sa aka rufta da shi cikin kogi a jihar Oregon. Wajen ɗaukar Sherlock Jr. har wuyansa ya karye, bai ma sani ba sai bayan shekaru. Irin wannan mutum aka damƙa wa rubutaccen labari a MGM, aka tara masa masu sa ido, aka hana shi kasada. Ina dariya za ta fito?

Masu tatsuniyar su gaya mana yadda Chaplin ya fitar da City Lights a 1931 ba tare da hira ba, kuma ya ci kasuwa. Amsar ba a ɓoye take ba: situdiyon nasa ne, kuɗin nasa ne, da shi aka kafa kamfanin finafinai na United Artists tun 1919.

Keaton kuwa MGM ta sallame shi a 1933, ga giya ta kama shi, ga aure ya mutu. Daga baya kamfanin ya dawo da shi a kan ɗan albashi, yana ƙirƙira wa 'yan barkwanci irin su Red Skelton abin dariya.