Filin Wasanni: Mu sa ido kan ƙananan masu tsaron raga na yankinmu

A wannan mako mun ajiye zancen Real Madrid da Barcelona da Arsenal, mun dawo gida. Za mu yi magana ne kan wasannin da ake bugawa bayan La'asar a filayen makarantun Garun Mallam da Chiromawa da Kadawa, da na Kura da Bunkure, waɗanda ba a nuna su a gidan kallo, ba a kuma karanto sakamakonsu a rediyo. A cikin 'yan wasan nan ma mun ware mutum guda, wato yaron da ke tsaye tsakanin sanduna biyu.

Duk ɗan da ya tashi a yankin noman rani na Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bin kanal yana shiga gonaki, ya san ba a watsa irin tumatir a babbar gona kai-tsaye. Sai an yi masa gadon raino, a riƙa ba shi ruwa daidai gwargwado, ya yi makonni, sannan a dasa. In aka cire shi bai yi ƙwari ba, rana ɗaya ta isa ta kwantar da shi. Kwandunan da ake lodi a Kwanar Gafan daga wannan ɗan gadon suka faro. Ƙwallo ma tana da nata gadon rainon, su ne ƙananan ƙungiyoyi da ƙananan gasanni.

A Najeriya matakan a jere suke. A sama akwai gasar Firimiya, NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai NNL, sannan NLO, inda ƙananan ƙungiyoyin garuruwa da makarantun koyon ƙwallo ke fafatawa. Ƙasa da nan sai gasannin jiha da na ƙananan hukumomi, da na makarantu, da na unguwanni irin waɗanda ake shiryawa lokacin hutu ko bikin Sallah. Ga kuma Kofin Ramat na 'yan ƙasa da shekara 16, wanda ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano cikin watan Fabrairu don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad. Matakalar nan ana hawa, ana kuma sauka. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Firimiya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma a 2022 ta faɗa NNL, sai a 2023 ta koma sama. Wanda ya bi ta a wancan lokaci ya san cewa ƙaramin rukuni ba wasan yara ba ne.

A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda mutum ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo, wani kuma ya tare ta da kulki. Ba mu cika yin sa a nan ba, amma akwai abin koyi a yadda suke rainon 'yan wasansu. Manyan ƙungiyoyinsu 30 ne, kowace kuma tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a matakai daban-daban, 120 ke nan, yawancinsu a ƙananan garuruwa. Mutanen garuruwan nan suna cika filin wasa don kallon samarin da ba wanda ya san sunansu tukuna. Wasu na zuwa da takarda da fensir suna rubuta kowace jifa. In yaro ya kai babbar ƙungiya bayan shekaru, sai su ce ai tun yana ƙarami muke da lissafinsa.

Wanda suka fi sa wa ido shi ne mai jifa, domin a hannunsa wasan yake, kuma hannun nan yana lalacewa in aka matsa masa. Tun 1974, lokacin da likita Frank Jobe ya yi wa wani ɗan wasa mai suna Tommy John aikin gyaran jijiyar gwiwar hannu, wannan tiyata ta zama sananniya a wasan, kuma wanda aka yi wa kan shafe shekara guda ko fiye kafin ya dawo. Da aka ga har yara ƙanana na samun irin wannan rauni, sai babbar gasar yara ta ƙasar ta kafa doka a 2007. Ɗan shekara 9 zuwa 10 ba zai wuce jifa 75 a rana ba, ɗan 11 zuwa 12 ba zai wuce 85 ba, ɗan 13 zuwa 16 kuma 95. Yaron da bai wuce shekara 14 ba, in ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu. Ko wasan ƙarshe ne, ko shi kaɗai ne gwanin ƙungiyar, in lissafi ya cika koci zai cire shi.

Mu a wajenmu, wanda wasa ke rataye a hannunsa shi ne gola, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kowa ya san yadda ake rabon gida a unguwa. Wanda ya fi ƙanƙanta, ko wanda ba shi da takalmi, ko wanda ya zo a makare, shi ake tura wa raga. Babu mai koya masa yadda ake faɗuwa. Ga filayenmu a lokacin rani ƙasa ta bushe ta yi tauri, ga tsakuwa, ga kututturen ciyawa. Yaro ɗan shekara 12 ya tsaya a raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, wadda aka auna don manya, ƙato ɗan shekara 20 ya sheƙa masa ƙwallo mai lamba 5. In ya kauce a ce matsoraci ne, in ya tare yatsa ya goce. In kuwa aka dace ya iya, sai wahalarsa ta ƙaru, domin kowace unguwa za ta zo aron sa. Ya tsare wa ajinsu da safe, ya tsare wa unguwarsu da yamma, gobe a ɗauke shi a babur zuwa wani gari. Wa ke lissafa masa?

To, a nan ne muke da aiki a gare ku. Kowane ɗalibi mai son ƙwallo ya ware littafi ɗaya, ko da mai shafi 20 ne. Ka zaɓi gola ɗaya ko biyu a makarantarku ko garinku, ka bi su har ƙarshen zango. A kowane wasa ka rubuta kwanan wata da fili da ƙungiyoyin da suka kara. Ka rubuta ƙwallo nawa aka buga masa da ta nufi raga, nawa ya tare, nawa ta shiga. Ka rubuta bugun kwana nawa ya fito ya kama ko ya naushe. Ka lura in ya kama ƙwallo ina yake kai ta, wurin ɗan gidansu ko wurin abokan hamayya. A ƙarshen mako ka haɗa minti nawa ya buga gaba ɗaya. Malaman lissafi za su ji daɗin wannan, domin kaso cikin ɗari da ake ta fama da shi a allo ga shi ya fito a fili. Wanda aka buga wa 10 ya tare 8 ya fi wanda aka buga wa 2 ya tare 1, ko da an ci na farkon biyu, na biyun kuma ɗaya tak.

Kada tsalle ya ruɗe ku. Gola mai yawan shawagi a iska sau da yawa tsayuwarsa ce ba daidai ba tun farko. Ku duba ƙafafunsa kafin a buga, ku saurari bakinsa, yana yi wa 'yan bayansa magana ko ya yi gum? Ku duba yadda yake yi bayan an ci shi, zai tsaya zagin mai tsaron baya ne ko zai ɗauko ƙwallo a ci gaba? Ku duba ƙafarsa kuma, domin tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da ɗan gidansu ya mayar masa da ƙafa da gangan, don haka wanda bai iya taɓa ƙwallo da ƙafa ba ya rage wa kansa hanya. Daga 2025 ma an ƙara wata doka, in gola ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, alƙalin wasa zai ba abokan hamayya bugun kwana.

Gola ba ya nuna da wuri, shi ya sa yake buƙatar haƙuri. Stanley Nwabali ya tsare raga a ƙungiyoyin cikin gida, har da Katsina United, kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Yawancin 'yan Najeriya ba su san shi ba sai a gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, inda ya tare fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, alhali ya haura shekara 25. Waɗanda suka kalle shi a Katsina sun riga kowa sani.

Akwai abubuwa biyu da ke kashe irin tun yana gadon raino. Na farko rage shekaru. A 2016 an yi wa 'yan Golden Eaglets gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, aka sallami 26 daga sansani ana gab da wasa da Jamhuriyar Nijar. Nijar ta fitar da mu, ƙasar da ta ci kofin duniya na wannan rukuni a 2013 da 2015 ta zauna a gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk ƙaton da aka cusa a gasar 'yan ƙasa da 15 ya tare wa yaro na gaskiya gurbi, kuma shi ne mai karya masa yatsa. Ku nemi takardar haihuwarku ta Hukumar Ƙidaya, ku adana ta, shekarun da ke jikinta su zama su ne a makaranta da lambar NIN da katin ƙungiya.

Na biyu dillalan bogi, masu zuwa da hotuna a waya suna cewa a kawo kuɗin fasfo da biza za a kai yaro gwaji Turai. Iyayenmu, ku sani dokar FIFA ta hana a sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyayensa su koma can da zama don wani dalilin da ba ƙwallo ba. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. In dokar ba ta ɗaga wa wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Najeriya ƙafa ba, ba za ta ɗaga wa ɗanka ba. Kada a sayar da buhunan shinkafa ko a jinginar da gona saboda maganar baƙo.

Masu horarwa kuma, ku yi wa yaranku rajista da hukumar ƙwallo ta jiha. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ne ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ba ta da takarda, ko sisi ba za ta gani ba. Muna kuma roƙon ku da malaman wasanni ku kafa taku dokar lissafin. Yaro kada ya tsare raga sau biyu a rana ɗaya. A ba shi kwanakin hutu a mako. A share gaban raga, a zuba yashi, a rage faɗinta ga ƙanana, a samo musu ƙwallo mai lamba 4. In ya ce gwiwa ko wuyan hannu na ciwo, a kai shi asibiti, kada a ce ya daure. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, a ajiye ruwan sha a bakin fili. Bayan an tashi kuma a hana su faɗawa kanal wanka, domin a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, kuma yaron da ke fitsarin jini ƙarfinsa raguwa yake yi a fili da aji.

Ku kuma ƙananan gololi, cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a Kano kaɗan ne za su ci abinci da ita. Wanda ya riƙe karatunsa bai yi asara ba ko ƙwallo ta karɓe shi ko ba ta karɓe shi ba, kuma ko kwantiragin ma sai mai karatu ke gane abin da ya sa wa hannu.

Duk wanda ya cika littafinsa na wasanni biyar, ya ba malamin wasanni ya sa hannu, ya aiko mana ta adireshin wannan fili tare da sunan makarantarsa. 'Yan mata ma muna jiran naku. Za mu buga waɗanda suka fi tsari da tsabtar lissafi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.