Tsakuwar lambun Accra: gumin wa ke ƙarƙashinta?

Duk wanda ya ratsa unguwannin masu hali a Accra, irin su East Legon da Cantonments, zai ga yadda sana'ar ƙawata harabar gida ta bunƙasa: ciyawar ado shimfiɗe, furanni jere, ga tsakuwa da duwatsun daɓe. Kamfanin da ya karɓi kwangilar yana da ofis da rasit. Amma kayan aikin nasa, wato tsakuwa da yashi da baƙar ƙasa da takin shanu, a hannun direban tifa yake sayensu, direban kuma ya saya a bakin rami, inda ba rasit ba rajista. A can ƙasan ne ake samun aikin tilas, kuma hanyar da yaran ke bi su isa wurin ita ce hanyar da mu 'yan kasuwa muke bi kullum, ta Aflao da Paga da Bawku.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2003 an kwaso yara fiye da 200 daga ramukan tsakuwa na Abekuta a jihar Ogun, aka mayar da su Jamhuriyar Benin, akasarinsu 'yan yankin Zakpota. Abin lura shi ne ba sace su aka yi da bindiga ba. Mutanen garinsu ne suka zo da su, wasu ma su kansu a ramin suka girma, aka ba iyaye kafin alƙalami, aka ce yaro zai karɓi haƙƙinsa idan wa'adi ya cika. Tsakuwar da suka haƙa kuwa ta shiga gine-ginen mutanen da ba su taɓa ganin ramin ba.

To, wannan tsari bai yi nisa da abin da muka saba a zango ba, shi ya sa maganar ke da nauyin faɗi. Tun zamanin Malam Baƙo, wanda ya kafa Sabon Zango sama da shekara ɗari da suka wuce, baƙo yakan sauka wajen maigida, a ba shi masauki da abinci, a nema masa abin yi. Wannan al'ada ce ta gina Nima da Maamobi, kuma babu mai neman a kashe ta. Inda ta ɓaci shi ne lokacin da kuɗin mota da na masauki suka zama bashin da ba ya ƙarewa, aka riƙa miƙa ladan yaro ga dillali maimakon hannunsa, aka kuma karɓe masa katin shaida da sunan ajiya. Yaron da ba shi da ikon cewa na bar aikin nan, ko da ba a ɗaure shi da igiya ba, aikin tilas yake yi.

Dokar Ghana ba ta bar wurin kwana-kwana ba. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1992 ya haramta bauta da aikin tilas. Dokar yara ta 1998 ta sa fasa dutse da dakon kaya masu nauyi cikin ayyuka masu haɗari, waɗanda sai mai shekara 18 zai yi. Dokar hana safarar mutane ta 2005 kuwa ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, kuma ba ga wanda ya kawo yaron kaɗai ba, har da wanda ya ɗauko shi a mota da sani, da wanda ya sauke shi, da wanda ya mori aikinsa. Cewa uban yaro ne ya yarda ba hujja ba ce a kotu. Wannan shi ne abin da ya kamata direban da ake ce wa “taimaka ka sauke mini yaran nan uku a Accra” ya riƙe a ransa.

Wasu na sa rai da Turai. Gaskiya ne a 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana shigar da kayan da aka samar ta aikin tilas, wadda za ta fara aiki a ƙarshen 2027. Masu koko za su ji ta a jikinsu. Amma tsakuwar lambu ba ta shiga jirgin ruwa, daga rami sai gidan mai kuɗi, don haka babu Baturen da zai zo ya duba ta. A ganina dubawar ta rage ga mai kwangila da mai kawo masa kaya, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ga tifar tsakuwa da arahar da ba ta da dalili ya san wani ne ba a biya ba.

Abin da mai kamfani zai yi ba ya bukatar lauya. Ya taka da ƙafarsa ya ga ramin da ake ɗebo masa kaya, ba tare da ya sanar da ranar zuwansa ba. Leburorin da ɗan kamasho ya kawo masa don dasa ciyawa, ya biya kowa a hannunsa ko ta wayarsa, tunda kuɗin waya ya game ƙasa, kada kuma ladan ya gaza mafi ƙarancin albashin yini, wanda a 2025 aka yanke shi sidi 19.97. Maigidan zango shi ma ya rubuta abin da ya kashe wa baƙo a gaban shaidu, da ranar da bashin zai ƙare, ya bar masa katinsa. Idan kuma aka ga yaron da aka hana tafiya, rundunar 'yan sandan Ghana tana da sashen yaƙi da safarar mutane tun 2008, dokar 2005 ta kuma wajabta wa duk wanda ya san da labarin ya kai rahoto, wanda ya ɓoye shi ma yana iya fuskantar tara ko ɗauri.