A Ta da Famfunan Iska Kafin 'Yan Gwangwan Su Riga Mu

A shekarun 1960 an kafa famfunan ruwa masu aiki da iska a ƙauyuka da dama na Arewa, musamman ƙasar Sakkwato da ta Kano, don mutane da dabbobi su sha. Yau galibinsu sun tsaya cik, tsatsa na cin hasumiyarsu, masu sayen tsohon ƙarfe kuwa sai kewaya su suke yi. Ra'ayinmu shi ne kada hukuma ta yarda a sayar da ko ɗaya sai an duba shi tukuna.

Dalili kuwa, irin wannan famfo ba ya mutuwa da wuri. Daniel Halladay ya ƙago mai juya kansa ya fuskanci iska a Amurka cikin 1854, kamfanin Aermotor ya fito da na ƙarfe a 1888. Aikinsa a fili yake: iska ta juya fukafukai, giya ta mai da juyin ya zama hawa da sauka, doguwar sanda ta ja ruwa daga silinda a ƙasan rijiya. Wutsiya ita ke bin iska, in hadari ya taso ta kauda fukafukan gefe. Abin da kan tsai da shi ƙanƙane ne. Ko man giya ya ƙafe, alhali sau ɗaya a shekara ake canja shi, ko fatar da ke cikin silinda ta cinye, ruwa ya daina hawa. Fata fa, jama'a, a ƙasar majema da dukawa! Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, aikin da ke wuyan En'e ya koma hannun magadanta, amma sau da yawa ba a ɗora wa kowa alhakin famfon ƙauye ba, balle a ware masa kuɗin mai.

To, Zariya ba ta da uzuri. A Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, Jami'ar Ahmadu Bello na da injiniyoyi da ɗalibai masu neman aikin gwaji. A Sabon Gari, wanda ya tashi tare da jirgin ƙasa, ga maƙera da masu walda da makanikai. Na Samaru su auna, su zana. Na Sabon Gari su miƙe fukafukan da suka lanƙwashe, su ƙera abin da ya karye. Amma fa kada kowa ya hau hasumiya sai an naɗe wutsiya, an ɗaure fukafukai da igiya.

Masu cewa famfon hasken rana ya fi, ba mu musa musu ba in sabuwar rijiya za a yi. Muna magana ne a kan ƙarfen da aka riga aka biya, yana tsaye. Gaskiya ne iska kan kwanta, saboda haka tilas a gyara tanki mai ɗaukar ruwan kwanaki.

Muna roƙon akawuna su binciko tsofaffin takardu, su rubuta inda kowane famfo yake, su sa kuɗin mai da fata a kasafin baɗi. Malaman makaranta kuma, wanda ke da famfo kusa da shi ya kai yara su karanto sunan kamfani da lambar da ke jikin giya, ya aika wa sakataren ƙaramar hukumarsa kafin hunturu ya shigo.