FILIN MANOMA: Injin wuta mai layi uku

Bayan an sayar da albasa, manoman Galmi, Tsernawa da Badagishiri sukan sayi injin wuta. Wani don niƙan hatsi, wani don jan ruwa a garka. Amma wani lokaci a kai inji gida, a haɗa shi, ya yi ta gunji bai juya ba. Kuɗin albasa sun kwanta ke nan.

Ga dalili. Wutar NIGELEC iri biyu ce. Ta gida layi ɗaya ce, ƙarfinta bolt 220. Ta manyan injuna layi uku ce, bolt 380. Layukan nan uku suna tura inji bi da bi, kamar mata uku masu daka a turmi ɗaya. Layi ɗaya ba ya iya tayar da irin wannan inji.

Masu gyaran wuta suna da dabara. Suna ƙara wa injin wani ɗan gwangwani mai suna kondansa. Yana riƙe wuta yana sakinta, sai ya zama layin aro. Dabarar tana aiki, amma da sharuɗɗa:

1. A duba ƙarfen da ke manne a jikin inji. In an rubuta 220/380, zai yiwu. In 380/660 ne, ba zai yiwu ba.
2. Mai gyara ya sake haɗin wayoyin inji, ya mai da shi na 220.
3. Kowane kilowat ɗaya yana son kondansa mai mikrofarad 70 ko kusa da haka.
4. Ƙarfi yana raguwa. Inji mai doki uku zai yi aikin doki biyu.
5. A tayar da inji babu kaya. In an zuba gero tun bai ɗauki gudu ba, zai yi zafi ya ƙone.
6. Kondansa yana ajiye wuta ko bayan an kashe inji, kuma tana iya kisa. Kada yara su taɓa shi.

Wannan dabara ta ƙananan injuna ce, waɗanda ba su wuce doki uku ba. Babban injin niƙa sai layi uku na gaskiya. Ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi ta nema a ofishin NIGELEC mafi kusa.

Saboda haka, mai zuwa Ƙonni sayen inji ya fara sanin irin wutar da ke gidansa. Ya tafi da mai gyara, su karanta ƙarfen tare kafin ya biya. Matambayi ba ya ɓata.