Don Allah ku daina cewa in taho muku da sola daga Landan

Tun da na saka bidiyon ƙaramin fanel ɗin nan da na jingina a tagar ɗakina a Whitechapel, saƙo ɗaya ne yake ta shigowa: "Injiniya, in za ka zo hutu ka taho mana da na can, an ce ya fi ƙarko." Har Kawuna sai da ya turo saƙon murya na minti huɗu, wai shi ba ya son na Caina, na Ingila yake so. Na ce masa, Kawu a yi haƙuri, ba rowa ba ce, asarar kuɗinka nake gudu. Bari in ba ku amsar da na ba shi, amma da ɗan tsawo.

Na san abin da ya kawo maganar. Wanda ya zauna a Kano ko Katsina a watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako guda babu wuta bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ba sai an yi masa wa'azin sola ba. Ga fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024. Ɗan janareton nan ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Buƙatar gaskiya ce, inda ake neman maganin ne ban yarda da shi ba.

Ku juya bayan fanel ɗin da ake sayarwa a nan ku karanta takardar da ke manne. Caina ce. Rahoton hukumar makamashi ta duniya, IEA, na 2022 ya nuna Caina ke riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera fanel. Jinko, LONGi, Trina, JA Solar, sunayen da za ka ji a Sabon Gari ko Alaba su ne a kan rufin gidajen Turawa. Bambancin kawai a nan da fam za ka biya, sannan ka ɗauki gilashi ka miƙa wa masu jifa da akwatuna a filin jirgi. Batir kuma ma babu magana. Dokar jiragen sama ta yarda fasinja ya riƙe batirin litiyam har wat-awa 100 a jakar hannu, zuwa 160 da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura haka ba ya hawa. Batirin litiyam mai bolt 12.8 da am-awa 100 yana da wat-awa 1,280. Ko manyan akwatunan cajin nan irin su EcoFlow da Jackery a ƙofa za a tsayar da kai.

Abin da Kawu yake tsoro a zahiri shi ne ƙaryar lamba, a rubuta wat 200 a ba ka rabinsa. Yana da gaskiya. Sai dai Landan ba ta maganin wannan, don ni ma a nan aka yi min. Na sayi fanel mai naɗewa a intanet, an rubuta masa 200W da manyan baƙaƙe. Da na shimfiɗa shi na sa tef na auna, duka-duka bai cika rabin murabba'in mita ba. Nan take na san an ci kuɗina, tun ban kai shi rana ba.

Ga lissafin, ku riƙe shi. Ana auna fanel ne a ɗakin gwaji da hasken da ya kai wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, zafin fanel ɗin yana digiri 25. Fanel mai kyau na kasuwa yana mayar da kashi 20 zuwa 23 na wannan hasken zuwa wuta. Ke nan ka auna tsawo da faɗi a mita, ka ninka su, ka ninka da 220, abin da ya fito shi ne ƙololuwar abin da zai iya. Rabin murabba'in mita wat 110 ne, ko wane ne ya ƙera shi. Tef ɗin tela ya ishe ka kama wannan ƙaryar.

Sai gwaji na biyu, wanda masu shago ba su cika so ba. Za a jona maka mita a nuna maka bolt 21 ko 22 a ce ka gani, lafiya lau. To bolt ba ya nuna komai, ko a inuwa fanel zai ba ka kusan haka. Ka ce a fita da shi rana tsaka, a mayar da mitar kan am, a ramin 10A. Fanel mai wat 100 na gaske ya kamata ya ba ka wajen am 5 zuwa 6. In ka ga 3 a ranar Kano da tsakar rana, ajiye masa kayansa. (Wannan na ƙananan fanel ne. Manyan nan masu wat 500 da ɗoriya sun wuce am 10, za su ƙona maka fiyus ɗin mita.)

Wani abu kuma da ya shafe ni da duk masu gwajin kaya daga Turai: kada ku ɗauki lambobinmu ku ɗora a kan rufinku. Landan tana digiri 51 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Kano tana 12. A Disamba a nan yini bai cika awa takwas ba, rana kuma ko da azahar ba ta tashi sama da digiri 15, ga dogayen gine-gine. Ina fitowa daga sallar la'asar a Masallacin Gabashin Landan gari ya fara duhu. Hasken da Kano ke samu a shekara ya kai ninki biyu na Landan. Amma Kano tana da nata harajin. Duk digiri ɗaya da fanel ya haura 25 yana rasa kusan kashi 0.35 na ƙarfinsa, a bazara kuma a kan kwano yana iya kai 65. Kashi 14 ke nan ya tafi. Shi ya sa ba a kwantar da shi a jikin kwano, a bar masa tazara iska ta ratsa ta ƙasa, a karkata shi kaɗan ya kalli kudu. Ƙurar hunturu kuwa, tsumma da ruwa da sassafe ne maganinta, kuma yawancinmu ba ma yi.

Yanzu ga inda kuɗin mutane yake mutuwa da gaske, kuma ba a fanel ba ne. A ɗauki gida mai fanka ɗaya ta sola mai wat 20 da za ta yi awa takwas, ƙwai huɗu masu wat 5 na awa biyar, wayoyi biyar, da ƙaramar talabijin mai wat 40 ta awa uku. Jimilla wajen wat-awa 450 a rana. Fanel mai wat 100 na gaske, bayan zafi da ƙura da asarar waya, zai ba ka tsakanin 350 zuwa 400 a rana mai kyau. Ka ga kullum ana cin batir fiye da abin da ake zuba masa. Batirin ruwa ko na jel ba ya yafe wannan. Ƙa'idarsa kada a sha fiye da rabinsa, kuma a cika shi taf akai-akai. In ya daɗe bai cika ba, farantan dalmar da ke cikinsa suna yin ɓawo mai tauri, ƙarfinsa ya yi ta raguwa har ya daina riƙe wuta. Bayan 'yan watanni sai ka ji ana zagin Caina, alhali yunwa ce ta kashe batirin. Haka aka yi a gidanmu, batir biyu Hajiya ta saya a jere kafin in zauna in yi lissafin nan in gane fanel ɗin ne ya yi kaɗan. Kunya ta kama ni, don a lokacin ina aji uku a injiniyanci.

Tsakanin fanel da batir kuma akwai kwantirola. Mai araha, PWM, tana janyo fanel ɗin ƙasa zuwa bolt ɗin batir, fanel da ke son aiki a bolt 18 sai ya koma 13, wat 100 ya zama saba'in da 'yan kai. MPPT tana kwato mafi yawan wannan. Ga ɗan fanel ɗaya na ƙwai da caji, PWM ta wadatar, kada wani ya tsorata ku. Abin da ba na yafewa shi ne 'yar robar nan mara nauyi da aka rubuta wa MPPT ana sayar da ita a kuɗin PWM. Ta gaske tana da naɗin waya mai kauri a ciki da ƙarfen sanyaya a baya, hannunka zai ji nauyinta. Kuma kome tsananin talauci kada a jona fanel kai tsaye da batir, kada a manta fiyus a kusa da kan batirin. Waya mai wuta a ɗakin da yara ke kwana ba abin wasa ba ce.

Abu ɗaya na yarda Landan ta fi mu. In ka sayi kaya a intanet a nan, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa a dawo maka da kuɗinka, da shi na mayar da fanel ɗin ƙaryar nan. Amma wannan haƙƙin ba ya bin ka Kano. Ranar da kayan ya lalace a Gwale, mai shagon Sabon Gari da ya san fuskarka ya fi maka kamfanin da ke nisan kilomita dubbai amfani, in dai ka karɓi rasit aka rubuta garanti a kai.

Kawu dai mun daidaita. Zan taho masa da mita mai kyau da ƙaramar kwantirolar MPPT ta gaske, duka biyun za su shige aljihun jaka. Fanel mai wat 200 da batir kuma tare za mu shiga kasuwa mu saya, da tef a aljihuna. In mai shagon ya yarda in ɗauki gwajin a bidiyo, za ku gani bayan na dawo.